A Bar Ɗalibi Mai Kyamara Ya Matso Bakin Fili

A gasar mutum-mutumi ta FIRST, wadda injiniya Dean Kamen ya fara a 1992 da ƙungiyoyi 28 a zauren wasanni na wata makarantar sakandare a Manchester ta jihar New Hampshire, wasa ɗaya ba ya kai minti uku. Ƙungiyoyi uku masu launin ja suna karawa da uku masu shuɗi, a busa, a tashi. A watan Janairu ake sanar da wasan shekara, daga nan ɗalibai su shafe makonni suna yanka ƙarfe, suna haɗa waya, suna rubuta manhaja har dare. Duk wannan wahala a cikin 'yan mintocin nan take bayyana. Wanda bai ɗauki hotonta a lokacin ba, ta wuce shi ke nan.

Shi ya sa nake ganin batun wanda za a bari ya tsaya kusa da fili da kyamara ba ƙaramin batu ba ne. A bakin fili ana barin masu tuƙa na'urar da kocinsu da mai taimaka musu, sai alƙalai da ma'aikatan gasa da 'yan jarida masu katin izini. Ɗalibin da ƙungiyarsa ta ɗora wa aikin hoto kuwa, makomarsa tana hannun masu shirya kowace gasa. Wani wurin a ba shi kati, wani wurin a ce ya koma cikin 'yan kallo, inda abin da zai samu bai wuce ƙeyar mutane da gilashin kariya mai ƙyalli ba.

Masu hanawa suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Na'urar da ta haura kilo 50 tana gudu a fili, ana tura wasu a kan amalanke ta 'yar siririyar hanya. Rumfar gyara ta kowace ƙungiya ƙafa goma ce a kan ƙafa goma, kuma ba a shiga sai da tabarau na kariya. Walƙiyar kyamara na iya rikita idon na'urar da ke neman alama a fili, ta kuma ɗauke hankalin direba. Idan ƙungiya hamsin kowace ta turo mutum biyu, bakin fili ya zama kasuwa. Sannan ga babbar hujja: yawancin 'yan gasar yara ne da ba su kai shekara 18 ba, kuma ba kowane mai kyamara ya kamata a sakar wa yaran mutane ba.

Amma duk waɗannan dalilai ne na tsara shiga, ba na rufe ƙofa ba. Kati ɗaya ga kowace ƙungiya, mai ɗauke da lambarta. Wuri ɗaya da aka shata a ƙasa. Mai hoto ya shigo lokacin wasan ƙungiyarsa kawai, ya fita da an busa. Ba walƙiya, ba sandar kyamara mai tare hanya. Wanda ya karya doka a karɓe katinsa. A kowane wasa ƙungiyoyi shida ne a fili, ke nan mutum shida ake magana, ba ɗari ba. Batun kare yara kuwa, ɗan ƙungiya da aka yi wa rajista, wanda malamansa da iyayen abokansa suka sani, ya fi baƙon da ke cikin 'yan kallo da doguwar kyamara sauƙin sa wa ido.

Za a ce ai gasar tana da masu hotonta, kuma ana watsa wasanni kai tsaye ta intanet. Gaskiya ne. To amma kyamarar watsawa fili take kallo daga sama, ba ta san fuskar yarinyar da ta kwana tana gyaran giyar na'ura ba. Mai hoton gasa kuma, da ɗan jarida, inda labari yake suke bi. A Yulin 2017 an yi gasar FIRST Global ta farko a Washington, ƙasashe sama da 150 suka halarta. Duniya ta ga hotunan 'yan mata shida daga Herat ta Afghanistan, waɗanda aka hana biza sau biyu kafin a bar su su shiga Amurka, kuma sun cancanci a gan su. Sauran ƙungiyoyin fa? Mafi yawansu abin da suka koma gida da shi shi ne abin da nasu suka ɗauka.

Hoton nan kuma ba na ado ba ne. Kuɗin rajistar ƙungiya a babbar gasar FIRST ya kai wajen dala 6,000, ban da kayan aiki da tafiya da masauki. Kamfanin da ya bayar da tallafi yana so ya ga tambarinsa a jikin na'ura tana wasa. Shugaban makaranta yana so ya nuna wa iyaye. Gani ya kori ji. Ƙungiyar makarantar masu hali za ta iya ɗauko ƙwararre da kayan aikin da ke janyo hoto daga nesa. Ƙungiyar talakawa mai wayar hannu ɗaya ita ce dokar hana matsowa take cutarwa. Har lambar yabo mafi daraja a gasar, wadda ake ba ƙungiyar da ta fi amfanar al'ummarta, tana tafiya da rubutu da bidiyo. Ana neman ɗalibi ya ba da labarin ƙungiyarsa, sannan a tsayar da shi inda ba ya gani.

Akwai kuma yaron kansa. Ba kowa ne zai riƙe sifana ko ya rubuta manhaja ba. Mai kyamara yana koyon haske da lokaci da neman izini da mutunta wanda yake ɗauka, kuma sana'a ce da ake ci da ita.

Maganar ta shafe mu, domin Najeriya tana tura ƙungiya gasar FIRST Global, kuma gidauniyar Coderina tana gudanar da gasar FIRST LEGO League a cikin ƙasa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro, hoto kuma yana ciki. Don haka ina kira ga masu shirya irin waɗannan gasanni: ku sa takardar izinin iyaye cikin fom ɗin rajista, ku yi wa yaron da iyayensa ba su yarda ba alamar da mai hoto zai gane, ku rubuta dokar kyamara tun kafin ranar gasa, sannan ku ba kowace ƙungiya katinta guda.