Ƙungiyar Marubuta Gayya Ce



A nan Gozaki, idan noma ya fi ƙarfin mutum, gayya yake kira. Amma wanda bai taɓa zuwa gayyar kowa ba, ranar tasa daga shi sai fartanyarsa. Haka nake kallon ƙungiyar marubuta.

A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A 2008 hukumar tace finafinai da ɗab'i, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta ce dole kowane marubuci ya yi rajista da ita. Ƙungiyar ANA reshen Kano ta ƙi amincewa, har aka kai ga zaman sulhu. Da marubuci ɗaya ne ya je, wa zai saurare shi?

Wasunmu na cewa su a waya suke rubutu, ba ruwansu da ƙungiya. Shi ma Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a waya yake rubutu. An ɗauke shi daga gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, har yau shiru.

Ban ce a ɗaure wa batsa gindi ba. Wanda ya kauce, mu gyara masa a cikin gida. Amma ranar da aka kama marubuci saboda ra'ayinsa, ko ba mu yarda da ra'ayin ba, mu nemo masa lauya, mu leƙa iyalinsa.

Ku shiga ƙungiya tun kafin ranar ta zo, ku biya kuɗin wata, ku halarci taro. Allah ya tsare mu.