Takarda ke yin allura ko hannu?

Ƴan'uwa ɗalibai, duk muna jin zafi idan aka ce mana likitocin Afirka na aiki dare da rana a asibitocin Faransa da albashin ɗan koyo, sai sun ci konkur kafin a yarda cikakkun likitoci ne. To, mu ma haka muke yi wa namu a gida.

Ɗan Madarunfa ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya karanta aikin jinya a Katsina. Ya komo da diplom, sai a ce ya nemo ekibalans. Ya biya a juya takardunsa daga Ingilishi zuwa Faransanci, dosiyensa ya tafi Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi, ya zauna jira. Kafin amsa ta zo yana kabu-kabu, alhali asibitin ƙauyensu na kukan rashin ma'aikata. Wanda ya karanto a Azhar ko Madina ma haka, shi nasa laifin Larabci ne.

Ni da nake karatun ilimin harshe, na ga inda gizo ke saƙa. A nan Yamai aka haifi CAMES a 1968, kuma a 1972 a Lome ƙasashenta suka sa hannu kan yarda da diplom ɗin juna. Kusan dukansu masu Faransanci ne, Najeriya ba ta ciki. Shi ya sa takardar Dakar ke shiga ofis a tsaye, ta Sakkwato kuwa sai da rarrafe. Harshen takarda ake aunawa kafin a auna mai ita. Majinyaciyar da ke kwance a Gidan Rumji da Hausa za ta faɗi inda ke mata ciwo, kuma wanda ya yi koyo a Katsina da Hausa ya saba tambayar majinyata.

Za a ce akwai takardun jabu. Gaskiya ne. A farkon 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin sati shida. Amma lura, a ƙasar CAMES aka sayar da shi. Ashe Faransanci ba ya wanke takarda. Maganin jabu shi ne a tuntuɓi makarantar da ta ba da ita, sannan a kai mutum ɗakin majinyata a ga hannunsa.

Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki. Don me har yanzu talaka zai biya kuɗin fassara? A yanka wa'adin amsa dosiye. A buɗe wurin ajiye shi a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Inda fassara ta zama dole, ga mu nan a jami'a, a ba mu aikin. Mu kuma mu kai maganar gaban ƙungiyarmu ta ɗalibai, don cikinmu akwai waɗanda gobe za su tsallaka iyaka da tasu takardar a hannu.