Kafin ka zuba miliyoyi a hedifon, zauna mu yi lissafi 🧵

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Shekaranjiya ƙanena, ɗan kawuna da ke harkar sayen zinare a Bukkuyum, ya turo min hoton wani hedifon na kamfanin Stax, na hannu, a wani shafin gwanjo na Japan. Ya rubuta: "Yaya, wanga shi nika so. Wace amfilifaya za ni haɗa mai?"

2/ Ni sana'ata haɗa sauti ce a Gummi: biki, wa'azi, walima, taron siyasa in kakarsa ta zo. Shi ya sa ya tuntuɓe ni. Amsata a taƙaice: kada ka saya yanzu. In kuma ka nace, to wuta da amfilifaya za ka fara tanada, hedifon ya biyo baya. Ga dalilaina, wanda bai yarda ba ya same ni a ƙasa.

3/ Mu fara da yadda abin yake aiki. Iyafis ɗin da ke kunnenka yanzu ƙaramar lasifika ce: akwai maganaɗisu, akwai siririyar waya a nannaɗe, manne da wani faifai. Wuta kaɗan ta ratsa wayar, faifan ya motsa, ka ji sauti. Shi ya sa ko ƙaramar waya mai maɓalli tana iya tuƙa shi ba wahala.

4/ Irin wanda ƙanena ke so, ana kiransa elektirostatik, ba shi da maganaɗisu ko kaɗan. Wata leda ce a ciki, siririya ƙwarai, silin gashi ɗaya ya ninka kaurinta sau da yawa. An shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu ƙananan huji. Ledar tana riƙe da caji, farantan suna ja da tura ta, iska ta motsa.

5/ Ka taɓa cire riga da sanyin hunturu ka ji tana ƙas-ƙas, gashin hannunka ya miƙe? To wannan ƙarfin ne aka sa wa linzami. Da yake ledar kusan ba ta da nauyi, tana tashi nan take, tana tsayawa nan take. Daga nan tsabtar sautin take fitowa.

6/ Kuma gaskiya ɗaya ce, sautin akwai daɗi. Sau ɗaya na taɓa sa shi a kunne, a gidan wani mai haɗa waƙa a Kano. Na ji numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, na ji inda yatsa ya taɓa fatar ganga. Na daɗe ban ce komai ba. Don haka kada wani ya ce hassada nake yi wa yaro.

7/ Abin ba sabo ba ne. An kafa Stax a Japan a 1938, kuma a 1960 suka fara sayar da SR-1, hedifon na farko mai wannan fasaha. Sennheiser na Jamus ya yi Orpheus a 1991, guda 300 kacal. Magajinsa HE 1 ya fito a 2015 a kan kusan yuro 50,000. SR-X9000 na Stax ya fito a 2021 a kan dala 6,200. Ka buga da canjin yau.

8/ Ga inda gizo ke saƙar: wannan dala 6,200 kuɗin hedifon ne shi kaɗai. Ba ya shiga waya, ba ya shiga kwamfuta, ko ramin ma ba ɗaya ba ne. Ledar nan tana buƙatar cajin bolt 580 a tsaye, su kuma farantan sai an aika musu da sauti mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. Ramin iyafis na waya bolt ɗaya ko biyu yake bayarwa.

9/ Ke nan wanda ya sayi hedifon ɗin bai tanadi amfilifaya ba, doki ya saya bai tanadi harawa da dusa da kanwa ba. Duk wanda ya taso gidan da ake ɗaure doki ya san cewa ranar saye ita ce rana mafi sauƙi.

10/ To wace amfilifaya? Hanya uku ce. Ta farko mai taransista: ba ta cika laulayi ba. Ta biyu mai kwalabe, irin na tsoffin rediyon kakanninmu: wasu sun fi son muryarta, amma tana shan wuta, tana zafi kamar murhu, kwalaben kuma suna tsufa sai an canza. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a nan, da ke haura digiri 40.

11/ Ta uku wani akwatin taransifoma ne, kamar tsohon SRD-7 na Stax, da ake jonawa a bayan amfilifayar lasifika ta gida. Ita ce hanya mafi araha in kana da amfilifaya mai kyau tun farko. Amma ban ce ka jona shi da wadda muke kai wa filin biki ba, don ita ƙara aka yi ta domin ta, tsabta ba ta dame ta ba.

12/ Abu na farko da za ka duba: ƙirga haƙoran filogin. Na Stax mai haƙora 5 shi ne na bolt 580. Tsofaffin masu haƙora 6 na bolt 230 ne. A shafin gwanjo duk a cakuɗe suke. Shi kuma Koss ESP-950 na Amurka filoginsa daban ne, yana zuwa da akwatinsa. Kada ka ɗauka duk mai sunan elektirostatik yana shiga ɗan'uwansa.

13/ Na biyu, kuma wallahi nan ake kuka: wutar gida a Japan bolt 100 ce, tamu 230. Amfilifayar da aka yi don kasuwar Japan, in ka soka ta a bango a Anka kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai ka karanta rubutun da ke bayanta, in 100 ne ka nemi taransifoma mai rage wuta zuwa 100 daidai.

14/ Ba labarin wani nake ba ku ba. Shekarun baya na sayi wata miksa 'yar gwanjo da aka yi don wutar Amurka. Ɗoki ya hana ni duba bayanta. Na jona, na ji "fat", wari ya cika shago. Kuɗin aikin biki uku suka tafi kafin in rufe baki. Tun ranar ba na soka komai sai na karanta.

15/ Na uku: ƙarfi. Wasu hedifon ɗin, kamar SR-007 da ya fito a 1998, an san su da cin wuta. In ka haɗa su da ƙaramar amfilifaya, sauti zai fito amma a dushe, kamar an rufe shi da bargo. Shi ya sa masu harkar ke kashe wa amfilifaya, irin su Blue Hawaii, kuɗin da ya kai na hedifon ɗin ko ya fi.

16/ Ƙa'idata a nan: in kuɗinka na abu ɗaya ne, gara matsakaicin hedifon da amfilifayar da ta ishe shi, da babban hedifon da amfilifayar da ke numfarfashi. Haka yake ko a masallatanmu. Sau nawa aka kira ni an ce lasifika ta lalace, in je in tarar an ɗora hon huɗu a kan amfilifayar da biyu ma da kyar take ja?

17/ Yanzu mu dawo gida. Wace wuta za ka ba ta? Ta gari tana zuwa tana tafiya, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci ta zo da hauka. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take. Inbata mai araha kuma wutarta ba santsi gare ta ba, tana sa taransifoma gurnani, kuma wannan gurnanin cikin kunnenka zai sauka.

18/ Don haka kafin komai: sola, batir mai kyau, inbata mai fitar da wuta mai santsi, da waya ta ƙasa da aka binne yadda ya kamata. Wannan kuɗin ba asara ba ne ko ka fasa sayen hedifon. Fanka za ta juya, firij zai yi sanyi, yara su yi karatu da dare, Inna ta daina aika waya caji kasuwa.

19/ Sai ƙura. Caji yana jan ƙura, duk wanda ya taɓa goge fuskar tsohuwar talabijin ya sani. Akwai shamaki a cikin hedifon ɗin, amma in ƙura ko gashi ya samu shiga, sai ya fara tsuwa ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Danshi da gumi ma abokan gabarsa ne. Mu kuwa hunturu ƙura, bazara gumi, damina danshi.

20/ In ya lalace fa? Mai gyaran rediyon unguwarmu gwani ne, amma wannan ba aikin da za a koya a kansa ba ne. Cikin amfilifayar akwai ɗaruruwan bolt da kan iya zama a maƙale ko bayan an cire ta daga wuta, kuma suna iya kisa. Gyara na nufin kaya su bi hanyar Anka zuwa Gusau, su wuce ƙasar waje, ka yi ta jira.

21/ Sannan bayansa a buɗe yake. Abin da kake ji na kusa da kai yana ji, abin da ke waje kuma yana shigo maka. Janaretan maƙwabci, injin niƙa, 'yan acaɓa, awaki. Ka biya miliyoyi don ka ji numfashin mawaƙi, ga "tu-tu-tu" ta taga. Shirun ɗaki ma kaya ne, kuma shi ba a sayar da shi a gwanjo.

22/ Babbar tambayar da na yi masa: me za ka saurara? Ya ce Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Madalla, 'yan gida, kiɗan kotso. Amma daga ina? Daga memorin da aka tura masa a shagon caji, wanda aka kwafa daga kaset, wanda shi ma kwafin kwafi ne, aka matse shi, ya bi ta Xender da WhatsApp sau ba adadi.

23/ Hedifon mai kyau ba ya gyara abin da aka ɗauka, tona shi yake yi. Duk wani "shhh" na kaset, duk inda murya ta fashe, zai kawo maka shi har cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya zube a hanya ya zube, babu amfilifayar da za ta dawo da shi.

24/ Ku tuna Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara. Makonni muka yi ba kira ba data. Abin da ke cikin memori shi ne dukiyarmu: karatu, wa'azi, waƙa. A lokacin na gane yawancin abin da muka ajiye na manyan mawaƙanmu a lalace yake. Masu kyan suna cikin kwali a ɗakunan dattawa, zafi yana cin su.

25/ In da ni ke da kuɗin nan, wallahi da dek ɗin kaset mai lafiya zan nema, da na'urar shigar da sauti kwamfuta, in bi gidajen dattawan Gummi da Anka da izininsu ina kwafe kaset ba tare da matsewa ba. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, ba zai sake shiga ɗakin ɗauka ba. Kaset ɗin da ya narke ya tafi ke nan.

26/ Akwai kuma kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara. Ma'auninta ga babba: desibel 80, awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. Sauti mai tsabta kuwa ba ya cizo, sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba.

27/ Ƙanena yini yake kusa da injin niƙa dutse. Na lura kwanan nan sai na maimaita masa magana sau biyu. Na ce masa: je a auna jinka, ka sayi abin toshe kunne na wurin aiki. Kuɗinsa bai kai na katin data ba. Ina amfanin hedifon ɗin miliyoyi a kunnen da ya riga ya fara tafiya?

28/ Na san me wasu za su ce: kuɗinsa ne, guminsa ne, wasu ma iPhone suke canzawa duk shekara ba wanda ya yi musu zare. Haka ne. Sha'awa ba laifi ba ce, kuma ɗan Bukkuyum yana da haƙƙin jin abin da ɗan Tokyo ke ji. Ba na cikin masu cewa abu mai kyau ya fi ƙarfin ɗan ƙauye.

29/ Amma mun san tsadar kuɗin zinare a ƙasar nan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kuɗin da ke fitowa daga ramin nan bai kamata ya ƙare a hayaƙin amfilifaya ba. Kuma a halin tsaron da muke ciki, ba kowane kaya ake ɗorawa a sitatus ba. Mai hankali ya gane.

30/ In duk da haka zuciyarka na kai, ga jerin: wuta tsayayya tukuna. Sai fayil mai kyau. Sai ƙaramin saiti da kamfani ya haɗa da kansa, kamar SR-L300 da SRM-252S, ko Koss ESP-950 da akwatinsa, don kada ka yi cacar haɗi. Ka tabbatar da bolt. Ka tanadi akwati mai murfi. In ka shekara kana jin daɗinsa, sai ka hau sama.

31/ Jiya da dare ya kira ni. Ya ce: "Yaya, ka kashe min jiki." Na ce gara ni da hayaƙi. Yanzu dai mun tsaya a kan sola, kuma ya ce akwai kwalin kaset a ɗakin Kawu da ba a buɗe ba tun yana yaro. Ranar Juma'a zan je mu duba. Wanda ke da dek mai aiki a Gummi ko Daki Takwas, don Allah ya yi min magana.