Kasko Da Tabarma Kafin Ɗan Kwikwiyo Ya Iso Gida

A ƙasashen Safana da Batsari, waɗanda suke jingine da Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, kare ba baƙo ba ne. Tun kaka da kakanni 'yan farauta suna shiga daji da shi, Fulani makiyaya suna barinsa a bakin ruga ya tsare garke, manoma kuma sukan kai shi gona ya kore musu birai. Amma tun daga shekarun da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, darajar kare ta ƙaru ƙwarai, domin sau da yawa haushinsa ne yake fara sanar da mutanen gida cewa akwai baƙuwar tafiya a bayan danga. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga magidanci a Runka ko Zakka, ko malamin makaranta a Ruma ko Wagini, wanda bai taɓa kiwon kare ba, yana cigiyar inda karya ta haihu.

Abin takaici shi ne yadda akan kawo ɗan kwikwiyon. Sai a aiki yaro ya sungumo shi tun bai gama shan nono ba, a ajiye shi a zaure ko a bayan ɗaki, babu mazubin abinci, babu makwanci, babu wanda aka ɗora wa alhakin kula da shi. Yunwa ta kai shi ga kwanon yara, a bi shi da muciya. Daga nan sai ya koyi bin juji da mahauta, kafin wata 6 ya zama karen gari, wanda ko mai shi ba ya iya kama shi. Irin wannan kare ba ya tsaron kowa, kuma shi ne yake kwaso cuta ya shigo da ita cikin gida. Alhali kuwa kayan da za su hana aukuwar haka ba su wuce guda 5 ba: kasko, da shimfiɗar cin abinci, da makwanci, da igiya, da katin allura.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Likitocin dabbobi sun daidaita a kan cewa kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa sai ya kai mako 8 da haihuwa. Nonon farko da yake sha shi ne yake ba shi kariya daga cututtuka, kuma a cikin wasa da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo. Wanda aka raba da uwa tun yana mako 3 ko 4 yakan tashi da rauni da tsoro, kare mai tsoro kuwa ya fi kowane kare saurin kai cizo. To, waɗannan makonni da ake jira su ne lokacin da ya kamata magidanci ya tanadi kayansa.

Abu na farko shi ne mazubi guda 2, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa. Kaskon ƙasa mai nauyi ya wadatar, ko kuwa tsohon kwanon ƙarfe da ba ya tsatsa, domin ƙwarya da roba marar kauri ɗan kwikwiyo yakan kifar da su ko ya gaigaye su. Lalle ne a yi wa waɗannan mazubai alama, a keɓe su daga kwanukan gida, a riƙa wanke su kullum da sabulu. A nan likita da malami sun haɗu a kan magana ɗaya. Addinin Musulunci ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma umarta a wanke mazubin da kare ya yi lallagi a ciki sau 7. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarin Musulmin Arewa suke bi, sun ɗauki wannan wanki a matsayin bin umarni, ba su hukunta jikin kare mai rai da najasa ba. Ko ta wace fuska aka duba, gidan da ya ba kare kaskonsa ya huta da shakka a kan kwanon yara da butar alwala.

Abu na biyu shi ne shimfiɗar da za a ɗora kaskon a kai. A manyan kantunan Legas da Abuja ana sayar da faifan roba da aka ƙera musamman don wannan aiki, amma gutsuren tamfol, ko buhun taki da aka wanke tas, ko tsohuwar tabarmar roba, duk za su biya bukata, muddin dai ana iya wanke su a shanya a rana. Mai karatu zai iya cewa wannan iyayi ne, kare da tabarma! Amma akwai dalili. Akasarin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu, suna samunta daga uwa tun suna ciki, da kuma ta nono. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya daɗe a ƙasa bai mutu ba. Abincin da ya zube a turɓaya aka lashe shi yana mayar da tsutsar ciki, kuma a wannan turɓaya ce jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Shimfiɗa tana raba abinci da ƙasa, tana hana tururuwa da ƙudaje taruwa a kan ɗigon miya.

Daɗin daɗawa, shimfiɗar tana koya wa kare iyaka. Idan kullum a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, daga hannu ɗaya yake samun abinci, zai san cewa rabonsa yana can, ba ya cikin madafa, ba ya kan tabarmar maigida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata wurin ya kasance a inuwa, nesa da murhu da randa da inda ake salla.

Abu na uku makwanci ne. Ba sai an gina ɗaki ba. 'Yar rumfa ta zana ko ta guntun kwano, da buhu ko tsumma a kan katako wanda ya ɗan ɗaga daga ƙasa, sun isa. Sanyin hunturu na watan Disamba da Janairu yana wahalar da 'yan kwikwiyo, zafin Afrilu kuma yana iya kashe wanda aka ɗaure a rana babu ruwa. Da damina akwai wani ƙuda da yake zuba ƙwai a ƙasa ko tsumman da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar ɗan kwikwiyo ta zauna ciki kamar maruru. Maganin wannan shi ne busasshen makwanci da yawan shanya shimfiɗa. Game da kaska da ƙuma kuwa, babban kuskure ne a yayyafa wa ɗan kwikwiyo maganin feshin gona ko fiya-fiya, domin yana shiga ta fata, kuma dabbar tana lasar jikinta. A nemi maganin da ya dace wurin malamin dabbobi.

Abinci ba sai na gwangwani ba. Ɗan kwikwiyo yana bukatar ci sau 4 a yini har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Tuwo mai laushi ko kunu marar yaji, da ɗan dafaffen wake, ko garin busasshen kifi, ko dafaffen ƙwai, suna gina jiki. Ƙanzo da ruwa kaɗai ba sa yi. Ɗanyar madarar shanu takan sa shi zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, goro da cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke hanji. Haka nan kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta daga mahauta, musamman masu ƙulli mai ruwa a jiki, domin ta nan kare yake ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwanta yake komawa ga mutane da tumaki ya yi musu ƙari a hanta.

Abu na huɗu igiya ce, da abin wuya mai laushi na fata ko na ƙyalle, wanda yatsa 2 za su iya shiga tsakaninsa da wuya. Tilas a riƙa sassauta shi yayin da kare yake girma. Waya da igiyar leda sukan nutse cikin nama. Amfanin igiya shi ne kare ya saba da a kama shi, a ja shi, a duba kunnensa da ƙafarsa. Ɗaure shi dare da rana zalunci ne, kuma yana haifar da mugun hali.

Abu na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne katin allura. Ana fara ba da maganin tsutsa tun ɗan kwikwiyo yana mako 2, a maimaita bayan kowane mako 2 har ya kai wata 3. Daga mako 6 zuwa 8 ake fara allurar cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Idan ya kai wata 3 sai allurar haukan kare, a kuma sabunta ta kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

A nan ne kasko da tabarma suke haɗuwa da allura. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Injamena, babban birnin Chadi, a 2012 da 2013, cutar ta yanke na wani lokaci, sai daga baya ta sake shigowa ta hanyar karnukan da suka zo daga wajen gari. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar Mekziko ta kawar da mutuwar mutane daga haukan kare. Sai dai ba a yi wa kare allura sai an riƙe shi, ba ya kuwa tsayawa a riƙe shi sai ga wanda yake ciyar da shi. Karen juji yana ganin mai sirinji zai ranta a na kare. Wannan magana ta fi ƙarfi a ƙasar Safana da Batsari, inda karnukan garuruwa daban-daban suke cuɗanya a fagen farauta da rani, inda kuma mutanen da suka yi gudun hijira daga ƙauyukansu ba su samu sukunin tafiya da karnukansu ba.

Wani zai ce mutanen da suke fama da abin sawa a bakin salati ba su da lokacin tabarmar kare. Wannan magana tana da nauyi. Amma kasko da buhu da igiya duk ana samunsu a cikin gida ko a kasuwar ƙauye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali kuɗin allurar mutum ɗaya da kare ya ciza ya ninka na rigakafin kare sau da yawa, ban da kuɗin mota zuwa Katsina ko Dutsin-ma. Wanda ya san ba zai iya ciyar da kare ba, gara ya haƙura da shi tun farko. Ma'aikatan gwamnati kuwa, masu sha'awar sayen karnukan Turai don a ce sun waye, su sani cewa karen gida ya fi jure zafi da kaska, kuma tsadar kare ba ta maye gurbin allura.

Magidanci ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa allurar haukan kare. Abin da ya rage shi ne allurar ta iso ƙauye da sanyinta, domin zafi yana kashe ƙarfinta. Ya wajaba sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Safana da Batsari, tare da ma'aikatan dabbobi na jiha, su tanadi firiji mai aiki da hasken rana, su sa ranar allura a kowace gunduma, su sanar da ita ta bakin hakimai da dagatai da limamai da sarakunan farauta. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe tun 2007 don yaƙi da wannan ciwo, ta dace a ɗaura aikin a kanta kowace shekara. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare, kuma lokaci ya ƙure.

Ɗalibai ma suna da nasu rabon aikin. Duk wanda ya koma gida hutu, ya koya wa ƙannensa kada su taɓa kare yana cin abinci, kada su ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Idan tsautsayi ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da malamin dabbobi.

Kare amana ce a hannun wanda ya ɗauko shi, kuma za a tambaye shi a kan yunwarsa da ƙishirwarsa, kamar yadda maƙwabta za su tambaye shi a kan cizonsa. Magidancin da yake son haushi a bakin ƙofa da dare, sai ya fara ajiye kasko da tabarma tun ɗan kwikwiyo yana wurin uwarsa. Allah Ya tsare garuruwa da dukiyoyin jama'a, Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa.