Kowane aiki da ƙarfensa



Damina ta kusa. Kowa zai tafi wurin maƙeri neman hauya, galma ko gatari. To, ƙarfe ba iri ɗaya ba ne.

Nan Sarkin Yamma gonakinmu kashi biyu ne. Akwai jigawa mai yashi, akwai fadamar Gulbin Maraɗi mai laka. Hauya maras nauyi ta isa jigawa. Laka kuwa sai galma mai kauri.

Kayan sara da yanka, a nemi ƙarfen sifirin, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota bisa ƙafafunta. In maƙeri ya gasa shi ja, ya tsoma ruwa ko mai, bakinsa zai yi tauri, ya daɗe da kaifi. Ƙarfen tano laushi gare shi. Ya yi kyau wajen murhu da bokiti, amma in aka yi hauya da shi, lanƙwashewa za ta yi tsakiyar noma.

Ga gwaji: goga magagari a bakin gatari. In ya zame, ƙarfen na da tauri. In ya ci shi da sauƙi, bar shi.

Tukunya kuma ta sanholo ce mai kyau. Kada a yarda a zuba dalmar batirin mota cikinta. Dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Araha ba ta ado. Tambayi maƙeri tukuna, kana ka biya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.