Siminti ya sauka, to gidan talaka fa?

Duk wanda ya taɓa turo kuɗi gida don a tayar masa da ɗaki biyu ya san zancen: kuɗin kan ƙare, gini bai kai rufi ba.

Damanar 2024 ce ta tone asirin gidajenmu. Ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Makarantu ma sai ƙarshen Oktoba aka koma, don akwai iyalan da ba su da wurin kwana sai cikin aji. A watan Oktoban ne gwamnatin Janar Tiani ta rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari, tan guda ya koma jika 55 a Yamai.

Mataki ne mai kyau, ba mai musu. Amma mu duba wa ya fi amfana. Mai ginin bulo a birni ya ji sauƙi. A ƙauyukanmu kuwa mafi yawan gidaje na laka ne, kuma abin da ke ci wa maigida tuwo a ƙwarya shi ne azara, kwanon rufi, ladan magini, da yaɓen da za a sake kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ko simintin ma, kafin ya taso daga Malbaza ya wuce Damagaram ya iso nan, kuɗin mota ya hau kansa. Mai turo naira daga Najeriya kuma, tun faɗuwarta a 2023, in an canza masa zuwa sefa sai ya ga kamar an yi masa sata.

To, talaka na iya sa a canza wani abu? Tarihin ƙasar nan ya ba da amsa sau biyu, kuma amsoshin ba iri ɗaya ba ne.

A 2005, zamanin Tandja, an ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, su Nouhou Arzika, ya kira ranakun zaman gida. Kasuwanni suka rufe, an kama shugabannin, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Buƙata ɗaya ce, kowa ya gane ta, tun daga mai shago har tsohuwa mai ƙosai.

A 2018 kuwa, dokar kasafin kuɗi ta zo da sababbin haraji, har da na muhalli. An yi ta zanga-zanga, an kulle Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Arzika daga Maris zuwa Yuli, doka kuma ta zauna daram.

Yau hanyoyin sun ƙara ƙuntata. A Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa suka maye gurbin magadan gari. A Maris 2025 an rusa jam'iyyu. Wato ba ka da kansilan da za ka tare a kasuwa ka ce masa: wallahi in ba ka yi ba, ba ka sake ganin ƙuri'ata. Ragin siminti daga sama ya zo, kuma abin da aka ba ka daga sama ba kai ke riƙe da igiyarsa ba.

A ganinmu, inda talakan Gidimuni ke da ƙarfi shi ne zancen fili. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, wato Cofo, kuma suna ba da takardar shaidar saye, gado ko kyauta. Mutane da yawa ba sa nema, sai rigima ta tashi. Ɗan ci-rani ya yi shekaru yana turo kuɗi, ya dawo ya tarar filin ba takarda, ko an sayar wa mutum biyu. Wani kuma don arha ya gina a kwari, kan hanyar ruwan da ke gangarawa tafki, damana ɗaya ta kwashe.

Waɗannan ba sai an je Yamai ba. Mutanen unguwa, da mata masu adashi, da masu lambu, suna iya zuwa tare wurin maigari da kantoma su tambayi abu takamaimai: ina za a yanka filaye a kan tudu, nawa ne kuɗin takarda, kuma a liƙa shi a bango kowa ya gani. Ku da ke waje, kafin ku turo kuɗin bulo, ku ce a ɗauko muku hoton takardar fili ta WhatsApp, ku ga sunan wa ke kanta.