Alhakin Rusau Ba Ya Ƙarewa Da Tashin Katafila

A watan Yuni na 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta rushe gine-ginen filin tsohon Otal ɗin Daula. Katafila na janyewa, matasa suka dira saran rodi, har ragowar ginin ya rufto musu, aka yi hasarar rai.

Wasu suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, wasu suka zargi hukuma. Amma wanda ya girgiza gini shi ke da alhakinsa har bulon ƙarshe ya kwanta.

Saboda haka wajibi ne KNUPDA, da takwararta KASUPDA mai kula da unguwanni irin su Gyallesu a Zariya, su riƙa killace wurin rusau, su sa masu gadi, su kammala aiki kafin su tashi. Iyaye kuwa su ja kunnen 'ya'yansu: kuɗin rodi ba ya fansar rai.